Sharhi Kan Albarkatun Kwarin Gulbin Rima Da Darajarsu Ga Tattalin Arzikin Jihar Kebbi

Duk lokacin da aka tada zancen albarkatun ƙasa a Nijeriya, hankalin jama'a yakan koma ga jihohin bakin teku, inda ake haƙo man fetur, ake kama kifin teku, kuma manyan jiragen ruwa ke sauke kaya a tashoshin Legas da Fatakwal da Warri da Kalaba. Wannan ba abin mamaki ba ne, ganin cewa tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956, aka kuma fara fitar da shi waje a 1958, kuɗinsa suka zama ginshiƙin baitulmalin ƙasa, har Tsarin Mulki na 1999 ya ware wa jihohin da ake haƙo shi a cikinsu aƙalla kashi 13 cikin 100 na abin da aka samu. A watan Agusta na 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa sabuwar ma'aikata mai kula da harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, daga bisani aka mayar da sashen kamun kifi ƙarƙashinta.

Jihar Kebbi ba ta da teku, kuma ba ta cikin masu karɓar wancan kaso. Amma Allah cikin ikonSa Ya ba ta Gulbin Rima da fadamarsa, wadda ta miƙa tun daga Augie, ta ratsa Argungu da Birnin Kebbi, har zuwa Kogin Kwara. Man fetur idan aka kwashe shi ya tafi ke nan, ita kuwa dukiyar fadama kowace damina sai ta dawo sabuwa, muddin ba a ɓata tushenta ba. Manufar wannan sharhi ita ce a jawo hankalin mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi ga cewa shinkafa da kifi da kiwo da bikin Argungu duk ruwa ɗaya suke sha, kuma darajar da suke da ita ga talaka ta dogara ne ga yadda aka tattala wannan ruwa.

Tushen Arzikin

Gulbin Rima ya samo asali ne daga haɗuwar gulaben da ke gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara, irin su Bunsuru da Gagare, da kuma Gulbin Maraɗi wanda ke ratsa Jamhuriyar Nijar kafin ya dawo Nijeriya. Kusa da birnin Sakkwato sai ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su shigo jihar nan a matsayin gulbi ɗaya, wanda magabata ke kira Gulbin Kabi. Bayan ya wuce Birnin Kebbi yakan karɓi Gulbin Zamfara wanda ya biyo ta Jega, sannan Gulbin Ka, kafin ya zuba a Kwara. Wato ruwan da manomin Zauro ke ban ruwa da shi a watan Maris, wani sashensa a ƙasar Zamfara ko Katsina ya sauka tun watan Agusta. Wannan ya sa ba mu kaɗai ke da iko da shi ba, kuma za mu dawo kan wannan batu a gaba.

Sanin kowa ne cewa daminar wannan yanki gajera ce, wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara kuwa rani ne. Abin da ya bambanta fadama da tudu shi ne cikowar gulbi. Idan ruwa ya hau ya malale fadama, yakan bar laka mai taki wadda ke sabunta ƙarfin ƙasa. Yakan kuma nutse ya cika ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa mai haƙa ƙaramar rijiyar bututu a fadama ke cim ma ruwa a 'yan mitoci kaɗan, alhali na tudu sai ya yi nisa. Har ila yau ruwan yakan cika tafkuna da ƙoramu inda kifi ke shiga ya yi ƙwai, idan ya janye kuma sai burugu da sauran ciyayi su tsiro wa dabbobi. Waɗannan fa'idoji huɗu babu wanda ke biyan ko kwabo a kansu, shi ya sa ba kasafai ake lissafa su ba sai ranar da aka rasa su.

Magabatanmu sun san darajar wannan kwari. A bakinsa Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina Surame, kuma tun wancan zamani aka san Kabawa da su da noman shinkafa. Shinkafar gargajiya mai jan ƙwaya, wadda ke tashi tare da ruwa komai zurfinsa, ainihinta ta Afirka ta Yamma ce, an daɗe ana noma ta a nan tun kafin a shigo da irin Asiya.

Shinkafa: Hawa Da Gangara

A da, noman rani a fadama na mai jigo ne, wanda ke yini yana ɗebo ruwa da guga domin 'yan fangalai na albasa da tattasai. Sauyi ya fara ne da shirye-shiryen raya noma na shekarun 1980, ya kuma ƙarfafa da shirin Fadama na ɗaya da aka soma a 1993 da tallafin Bankin Duniya, wanda ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injinan ban ruwa masu shan fetur. Jihar Kebbi na cikin jihohin da suka amfana da Fadama na biyu daga 2004, sannan na uku ya biyo baya. Da injin ban ruwa da iri mai saurin nuna irin su Faro 44 suka haɗu, sai manomin da ke girbi sau ɗaya a shekara ya koma yin sau biyu, wasu ma har uku.

Shekarar 2015 ita ce ta fito da sunan jihar nan. A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da kaya iri 41, ciki har da shinkafa, samun kuɗin waje daga hannunsa. Ranar 17 ga Nuwamba kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Zauro, kusa da Birnin Kebbi, a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. A watan Disamba na 2016 jihohin Kebbi da Legas suka fitar da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice, inda aka sayar da buhu mai kilo 50 a kan Naira 12,000 a Legas. A watan Agusta na 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, ya buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu, wadda aka gina domin sarrafa tan 120,000 a shekara, baya ga ta Labana da ke Birnin Kebbi. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya ƙara wa shinkafar gida kasuwa.

Wajibi ne a lura cewa darajar shinkafa ba ta tsaya ga mai gona ba. Kafin buhun shanshera ya isa kasuwa, ɗan ƙwadago mai dashe da mai yanka da mai bugu sun ci, mai haƙa rijiya da mai gyaran inji sun ci, haka 'yan dako da direbobi da dillalai. Matan da ke turara shinkafa a gida su kai injin casa, da wannan sana'a da yawansu ke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Idan aka cashe shanshera, kimanin kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyinta ke fitowa tsaba, sauran kuwa ɓuntu ne da dusa, waɗanda su ma kuɗi ne ga mai kiwo. Saboda haka duk motar shanshera da ta fita jihar nan ba a sarrafa ba, ta tafi da ladan casa da dusar da aikin yi na matasanmu zuwa wata jiha.

Daga 2023 al'amura suka sauya. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu ya ɗaga lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Takin zamani da aka riƙa sayarwa Naira 5,500 a ƙarƙashin shirin Shugaban Ƙasa na 2017 ya ninka sau da yawa. A watan Oktoba na 2023 Babban Banki ya ɗage wancan hani na kuɗin waje, ya kuma janye daga ba da rancen noma kai tsaye, bayan da aka yi ta kuka kan ɗimbin bashin da ba a biya ba. A watan Yuli na 2024, saboda tsadar abinci, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150, ciki har da shinkafar da ba a gama sarrafawa ba. A ƙarshen wannan shekarar kuma ƙasar Indiya, wadda ta fi kowa sayar da shinkafa a duniya, ta sassauta takunkumin da ta sa wa fitar da ita a 2023, farashi ya faɗi a kasuwannin duniya. Sakamakon haka, a 2025 farashin shanshera ya sauko a kasuwanninmu, alhali kuɗin mai da taki ba su sauko daidai da shi ba.

Mai sayen awo a birni ya ji daɗin wannan sauƙi, kuma yana da hujja, domin yunwa ba ta jira. Amma manomin da ya kashe kuɗi da tsada ya sayar da araha, baɗi sai ya rage gona ko ya koma wani amfanin, kuma idan da yawa suka yi haka masana'antun Argungu da Birnin Kebbi za su rasa abin sarrafawa, tsadar da aka gudu ta dawo. Manomin Augie ba shi da iko a kan shawarar da aka yanke a Abuja ko a Indiya. Abin da jiha da ƙaramar hukuma da shi kansa manomi ke iya taɓawa shi ne kuɗin da yake kashewa kafin ruwa ya isa fangalinsa, wanda a noman rani yana cikin mafi nauyin abin da ke cin aljihunsa. A nan ne rabon injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana da gwamnatin Mai Girma Gwamna Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ta yi wa manoma yake da ma'ana, domin injin da ba ya shan fetur ya cire manomi daga hannun gidan mai. Sai dai amfanin irin wannan rabo yana ga isarsa hannun mai gona na haƙiƙa, da samun masu gyara da kayan gyara a kusa.

Kifi Da Darasin Matan Fada

Alƙaluman da jami'an Gwamnatin Tarayya suka sha ambata sun nuna cewa Nijeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce sulusin wannan ba sosai. Giɓin ne ake cikewa da daskararren kifin da ke shigowa ta tashar Legas, wanda yau ake soyawa har a ƙauyukan da ke bakin gulbi. Ke nan kasuwar kifi a buɗe take, kuma giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da balli da yauni da ƙurungu na Gulbin Rima ba su taɓa rasa mai saye ba, ɗanye ko banda. Fatake na ɗaukar bandar wannan yanki da ta Yawuri zuwa kasuwannin kudu.

Duniya ta san Argungu ne da bikin kamun kifi. Tarihinsa na zamani ya faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya gagarumin su domin girmama baƙo da tabbatar da zaman lafiya bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Bayan na 2009 an yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. A kwanakin biki masu masauki da masu abinci da direbobi da masu sana'ar hannu na samun cinikin da ba su samu a wata da watanni.

Amma babban darasin bikin yana ga abin da ke faruwa kafin ranar. Dalilin da ya sa dubban masunta ke faɗawa Matan Fada da homa da gora su fito da manyan kifaye cikin sa'a guda shi ne an hana su a wurin tsawon shekara, kuma Sarkin Ruwa da Homa da jama'arsu na tsare wannan doka. Haka al'adar fashin ruwa take tun asali, ba a shiga tafki sai shugabannin masunta sun buɗe shi. Abin da masana kimiyya ke koyarwa a yau game da ba kifi hutu ya hayayyafa, Kabawa sun daɗe da aiki da shi.

Inda aka saki wannan al'ada kuwa, sakamakon a bayyane yake. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai girman yatsa ba. Wasu marasa tsoron Allah na zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa, su kashe babba da ƙarami, su kuma sayar wa jama'a guba. Maganin feshin da ake wanke kayansa a bakin gulbi, da noman da ya cinye gefen tafkunan da kifi ke ƙwai, su ma suna da nasu kason. A nan shinkafa da kifi ke karo, domin kowane tafki da aka zuƙe da inji a watan Fabrairu domin ban ruwa, an zuƙe abincin masuncin da ke jiran sa.

Kiwo Da Sauran Amfanin Fadama

Da rani, idan tudu ya bushe, fadama ce makiyaya da mashayar shanun wannan yanki da ma waɗanda ke gangarowa daga Nijar. A da akwai fahimta, manomi ya kwashe amfaninsa, makiyayi ya shigo ya ci tattaka da burugu, ya bar wa gona taki. Yanzu da noman rani ya mamaye fadama shekara zagaye, lokacin da shanu ke buƙatar ta shi ne lokacin da shinkafa ke tsaye a kore. Mafi yawan rigingimun manoma da makiyaya a bakin gulbi daga toshe burtali da mashaya suke tasowa. Nono da nama da fata dukiya ce kamar shinkafa, kuma kafa Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya a 2024 ya nuna an fara yi musu wannan kallo. Bugu da ƙari, harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024 ya tunatar da mu cewa gonar da ba a iya zuwa da garken da ba a iya tsarewa ba su da wata daraja.

Baya ga haka, fadama na ba da alkama da masara da rake da dankali da tumatir, albasar Aliero kuwa ta yi suna har ƙasashen maƙwabta. Manomin da ya raba ƙafa tsakanin shinkafa da waɗannan, faɗuwar farashin ɗaya ba ta kayar da shi gaba ɗaya.

Madatsun Ruwa Da Ambaliya

Kamar yadda aka ambata a baya, ruwan Rima daga nesa yake zuwa, kuma kafin ya iso mu sai ya ratsa manyan madatsu biyu da ke hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta Gwamnatin Tarayya. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara an kammala ta a 1978, tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Ta Goronyo kuwa, wadda ke kan Rima kanta, an kammala ta a 1984, kuma ta ninka Bakolori girma. Binciken da masana suka gudanar a shekarun 1980 ya nuna cewa bayan gina Bakolori, cikowar ruwa ta ragu a fadamun da ke ƙasa da ita, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a ƙauyuka da dama.

Madatsa na da fuska biyu. Ruwan da Goronyo ke saki da rani shi ke riƙe gulbi da rai har manoman Argungu da gidan ruwan Dukku na Birnin Kebbi su samu. A farkon 2018, da ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai, an ga irin fargabar da ta shiga jama'a. A watan Satumba na 2010 kuma, da ruwa ya yi mata yawa aka buɗe ƙofofinta, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a jihohin Sakkwato da Kebbi. A 2020 jami'ai sun ƙiyasta cewa ambaliya ta lalata gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000 a jihar nan, ana dab da girbi, ga hanyoyi da gadoji da suka karye. An sake ganin ɓarna a 2022 da 2024. Yashi da laka da ke cike gindin gulbi sakamakon sare itatuwa a tudu sun sa ruwan da a da yake wucewa cikin kwarinsa yanzu yake fantsama.

Tun ƙarshen shekarun 1960 aka tsara aikin ganuwar ruwa na Zauro, wanda zai kare fiye da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi daga ambaliya, ya kuma ba su ruwa ta magudanai. Ɗan yankin gwaji kawai aka yi a farkon shekarun 1980, babban aikin ya yi ta jinkiri, kuma cikin dalilan har da tsoron da wasu manoma ke yi na rasa gonakinsu na gado idan aka sake yanka filaye. Wannan tsoro ba na banza ba ne ga wanda ya san rikicin diyyar Bakolori na 1980, wanda aka yi asarar rayuka a cikinsa. Duk ranar da za a tada wannan aiki, sai an fara da zama da masu gonaki da masunta da makiyaya, an rubuta haƙƙin kowa, kafin a kawo katafila.

Ma'adinai

Jihar nan na da zinariya a ƙasar Yawuri, kuma tana cikin jihohin da aka fara gwada shirin Shugaban Ƙasa na tsara ƙananan masu haƙar zinariya, wanda a ƙarƙashinsa Babban Banki ya sayi zinariya kilo 12.5 a kan Naira miliyan 268 a watan Yuli na 2020. Wannan abin maraba ne, amma a yi hattara. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙa na Jihar Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400. A bakin teku kuma, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ƙasar Ogoni da malalar mai ta ɓata zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, bayan masunta da manoman yankin sun rasa sana'ar kakanninsu. Ba ma fatan a wayi gari mun sayar da ruwan da ke ciyar da mu domin dukiyar da za ta ƙare.

Nauyin Da Ya Rataya A Wuyan Kowa

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocin gona, aiki na farko shi ne isar da labari. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya, tun kafin ruwa ya sauka. Bai kamata waɗannan takardu su kwana a aljihun tebur ba. A kai su ga uwayen ƙasa da hakimai da limamai da malaman gona na hukumar KARDA, a faɗa wa manomi da harshensa lokacin shuka da inda ruwa zai ci. Haka kuma ya kamata a samu tsayayyar hanya tsakanin masu kula da Goronyo da garuruwan bakin gulbi, ta yadda sanarwar sakin ruwa za ta riga ruwan isowa. Aiki na biyu shi ne rajistar manoma ta gaskiya, gona da gona, domin taki da inji su daina faɗawa hannun manoman takarda. Na uku, a shata burtali da mashaya a kafa musu alama, a kuma hukunta wanda ya noma su komai matsayinsa.

Ga sarakunan ruwa da shugabannin masunta, a farfaɗo da dokar hutun tafkuna a kowace gunduma kamar yadda ake yi a Matan Fada, a hana ƙaramin taru da guba, kuma hukuma ta mara musu baya idan suka kama mai laifi.

Ga manoma kuwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rancen da aka ci ba a biya ba shi ke rufe ƙofa ga na baya. A shiga ƙungiyoyin gama kai domin sayen taki da inji tare, da ajiye shanshera har farashi ya gyaru maimakon a zubar da ita a bakin gona ranar girbi. A nemi bayanin inshorar amfanin gona ta hukumar NAIC kafin shuka. A kai rahoton jan baki da wuri tun tsuntsun bai yi sansani ba. A daina gina gida a hanyar ruwa, a kuma dasa itace a tudu da bakin gulbi.

Daga ƙarshe, an ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 3.2. Jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, fadama kuwa ba ta ƙara ko taƙi ɗaya ba. Yadda za a raba ruwanta tsakanin mai shinkafa da masunci da makiyayi da mai shan famfo a birni, shi ne babban aikin da ke gaban hukuma da talakawa a shekaru masu zuwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da fari, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.